Kundin Ƙungiyoyi Biyu: Shekara Guda ta Kasuwanci da Wasan Kwaikwayo a Makarantarmu

12 ga Satumba

Yau hukumar makaranta ta damƙa mini kula da ƙungiyoyin ɗalibai biyu, ta kasuwanci da ta wasan kwaikwayo, bayan an yi wa malamin da ke riƙe da su canjin wurin aiki. Na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta abin da aka yi, da abin da ya lalace, da abin da aka kashe, saboda abin da na tarar a akwatin ƙungiyoyin bai wuce jerin sunayen bara da tsofaffin labule biyu ba, kuma ba na so wanda zai gaje ni ya soma daga inda na soma. Ɗalibai 24 suka ba da suna a ƙungiyar kasuwanci, 31 a ta wasan kwaikwayo. Kowace za ta riƙa zama sau ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi bayan an tashi.

19 ga Satumba

An yi zaɓen shugabanni a ƙungiyoyin biyu ba tare da wata gardama ba.

3 ga Oktoba

Ƙungiyar kasuwanci ta amince ta kafa ƙaramin kamfani, a kan tsarin da ƙungiyar Junior Achievement, wadda aka kafa a Amurka a 1919, ta yi suna da shi: ɗalibai su tara jari ta hanyar sayar da hannun jari, su yi sana'a ta haƙiƙa, sannan su rufe kamfanin a ƙarshen shekarar karatu su raba abin da aka samu. An sayar da hannun jari 80, aka kuma ƙa'ide cewa mutum ɗaya ba zai mallaki fiye da 5 ba, don kada mai hali ya mamaye muryar sauran. Duk lissafin da ke cikin wannan kundi zan yi shi ne da darajar hannun jari ɗaya, wadda yaran suke kira "hannu", tunda da ita suke lissafinsu.

An kawo shawarwarin sana'a guda bakwai, aka yi ta tankaɗe da rairaya har aka tsaya a kan ɗaya. A ƙarshen kowane zango ɗalibai suna watsar da littattafan rubutu alhali kusan rabin takardunsu ba a taɓa su ba. Kamfanin zai tattara waɗannan fararen fallaye, ya daidaita su, ya yi musu sabon bango, ya sayar a matsayin littafin gwaji na lissafi. Abin da ya burge ni shi ne tushen kayan aikin kyauta ne, kuma masu sayen suna nan cikin harabar makaranta.

10 ga Oktoba

Zaman yau na wasan kwaikwayo mun yi shi ne a kan murya. Na tsaya a kujerar ƙarshe ta ɗakin taro, kowane ɗalibi ya hau dandamali ya faɗi jimla ɗaya, kuma cikin mutum 31 shida kaɗai na ji abin da suka ce. Da na ce su ɗaga murya sai suka koma ihu, maƙogwaro ya shaƙe, kalmomi suka cakuɗe. Na sa kowa ya ɗora tafin hannunsa a cikinsa ya ja numfashi har ya ji cikin ya taso, sannan ya yi magana a kan wannan iskar yana fitar da ƙarshen kowace kalma. Na ba su labarin dandalin wasa na Efidauros a ƙasar Girka, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, mai ɗaukar 'yan kallo fiye da 10,000, inda 'yan wasa suka isar da magana ga jama'a ba tare da lasifika ba. Daga yau minti 15 na farkon kowane zama na numfashi ne da furuci.

24 ga Oktoba

An sayi kayan aiki na hannu 20: wuƙar yanka takarda, rula ta ƙarfe, abin huda da madanni. Na nuna musu bambanci tsakanin kuɗin da ake kashewa sau ɗaya ko an yi littafi ko ba a yi ba, da kuɗin da ke ƙaruwa da yawan littattafai, wato na kwali da gam. Kowane littafi 10 suna cin hannu 3, ana sayar da su hannu 5, saboda haka hannu 2 ke saura. Da kansu suka raba 20 da wannan ragowar suka gano cewa sai an sayar da littafi 100 kafin kamfanin ya mayar da kuɗin kayan aikinsa. Sakataren ya rubuta lambar da manyan baƙaƙe ya manna a bango.

14 ga Nuwamba

Mun buɗe kasuwa a wannan mako, kuma mun zaɓi watan Nuwamba ne saboda a cikinsa ake gudanar da Makon Kafa Sana'o'i na Duniya, wanda aka fara a 2008. An yi littafi 60, an sayar da 40 cikin kwana uku.

21 ga Nuwamba

Murnar makon jiya ta koma ciki. An dawo da littafi 16, domin da zarar an buɗe littafin sosai an danna shi a kan tebur sai gam ɗin ya tsage, fallaye su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya 'yar aji ɗaya ta shigo ɗakin da muke aiki riƙe da bangon a hannu ɗaya, takardun a ɗayan, ta ajiye su a gaban shugaban kamfanin ba ta ce uffan ba. Laifin nawa ne kafin na kowa, domin ni na ba da shawarar gam don a yi sauri, kuma ban sa an gwada ko littafi ɗaya na tsawon mako guda kafin a fitar da su ba.

An yi muhawara mai zafi a kan mayar da kuɗi. Wasu suka ce ciniki ya riga ya faɗa, wanda ya saya ya saya. Ma'ajiyar kamfanin, ɗaliba ce 'yar aji biyar mai ƙarancin magana, ta ce masu sayen nan su ne dai waɗanda za a sake nema a zango na biyu da na uku, kuma babu wata kasuwa a bayan katangar makaranta da za a gudu zuwa gare ta. Aka kaɗa ƙuri'a, ra'ayinta ya yi rinjaye, aka mayar da hannu 8. An koma ɗinki da zare da basilla, huda biyar a tsakiyar kowane ƙunshi na fallaye. Gyaran littattafai 36 da ke hannu ya ci hannu 4, wanda ya tura lambar bango daga 100 zuwa 120. Kafin a sake fitar da kaya, an ba mutum uku littafi su yi amfani da shi mako guda, su buɗe, su lanƙwasa, su cusa a jaka.

5 ga Disamba

'Yan wasan kwaikwayo sun ragu zuwa 19. Waɗanda suka bari sun ce sun zo ne su yi wasa, amma wata biyu ke nan ana ta numfashi da atisaye. Ƙorafinsu yana da tushe, domin na tsawaita shiri ban ba su ranar da za su tsaya a gaban jama'a ba. Na yi wa sauran alkawarin fitowa a watan Maris da babban wasa a watan Yuni.

12 ga Disamba

Wannan ita ce rana mafi nauyi tun da na karɓi aikin. An zauna rufe lissafin zango, bayan an ƙara yin littafi 50 an kuma sayar da 70. Bisa lissafi ya kamata a sami hannu 70 a akwati, amma da aka ƙirga sau uku 64 aka samu. Kafin in buɗe baki wani yaro ya ce ai kowa ya san wadda take riƙe da makulli. Ɗakin ya yi tsit. Ma'ajiyar ta zare makullin daga zaren da ke wuyanta, ta ajiye shi a tebur, ta ce, "Malam, a bincika jakata." Hannunta yana rawa, amma ba ta yi kuka ba.

Na ƙi a taɓa jakarta. Na ce babu wanda zai fita sai mun bi kowane littafi da kowane sayayya daga ranar farko. Mun ɗauki kusan awa biyu. Da farko wasu masu talla biyu suka amsa cewa sun ba abokansu littafi 8 bashi, sun kuma sa su cikin waɗanda aka sayar, wato hannu 4 ke nan da ba su shiga akwati ba. Daga baya mai kula da sayen kaya ya tuna cewa ya karɓi hannu 2 ya sayo kwali ranar da ma'ajiya ba ta zo makaranta ba, ta hannun mataimakinta, kuma bai karɓo rasit ba. Kwalin yana nan a kabad, muka ciro shi kowa ya gani. Yaron da ya yi zargin ya ba ta haƙuri a gaban kowa, ta karɓa, amma ta bar makullin a tebur ta tafi.

Da dare na daɗe ina tunanin cewa shafi guda mai layi biyu, shiga da fita, shi ne duk tsarin da na ba su, kuma tsarin da bai da gurbin rubuta bashi ya bar yarinya ita kaɗai a gaban zato.

16 ga Janairu

Mun buɗe zango da sabon tsarin lissafi mai shigarwa biyu, wanda malamin lissafi ɗan ƙasar Italiya, Luka Pacioli, ya bayyana a littafinsa da aka buga a birnin Venis a 1494, yana mai rubuta hanyar da fataken garin suka riga suka saba da ita. Kowace mu'amala ana rubuta ta a wuri biyu, inda abu ya fito da inda ya shiga, saboda haka idan an ba da littafi bashi, kaya sun ragu a shafi ɗaya, sunan mai bashi ya bayyana a wani, kuma jimillar ɓangarorin biyu dole ta zo daidai. An kafa dokoki uku: ba a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, ba a sayayya sai da rasit, ba a ba da bashi. An naɗa mai binciken kuɗi daga cikin waɗanda ba sa riƙe da wani muƙami. Bayan na yi magana da ita a keɓe, ma'ajiya ta yarda ta sake karɓar makullin.

30 ga Janairu

An haye lamba 120. Farkon zango ne lokacin ciniki, domin a lokacin kowa ke neman sabon littafi.

6 ga Fabrairu

'Yan wasan kwaikwayo sun yanke shawarar rubuta wasansu da kansu. Da ake neman jigo, wata ɗaliba da ke cikin ƙungiyoyin biyu ta kawo batun kuɗin da ya ɓata a Disamba. Na ce ba za a taɓa wannan labari ba sai da yardar wadda abin ya faru da ita. Ta yarda bisa sharaɗi biyu, a canja duk wani abu da zai sa a gane mutane, kuma kada a mayar da mai zargin mugu, domin a cewarta tsoro ne ya sa shi magana, tunda shi ma da jarinsa a ciki. Wannan sharaɗi na biyu ya gyara wasan fiye da duk wata shawara da na bayar. An tsara kashi uku, ana ƙirƙirar maganganu a kan dandamali, mutum biyu suna rubuta abin da ya yi armashi.

20 ga Fabrairu

Farar takarda ta ƙare wa kamfanin, domin tsofaffin littattafai ba sa samuwa sai ƙarshen zango. Aiki ya tsaya. An ajiye kwali a kowane aji don tarawa tun da wuri.

6 ga Maris

Babbar matsalar gwaji ita ce yaran suna nuna fushi da baƙin ciki da fuska, suna zare ido suna dafe ƙirji, ba tare da abin ya fito daga ko'ina ba. Na ɗauko tambayar da Konstantin Stanislavski, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa gidan wasan kwaikwayo na fasaha na Mosko a 1898, yake koya wa 'yan wasa su yi wa kansu: da ni ne a wannan hali, me zan yi? Na hana su tunanin yadda za su bayyana, na ce kowa ya faɗa mini abin da yake nema daga wanda ke gabansa a wannan fitowa. Mai taka rawar wadda ake zargi ta ce tana so ƙawarta ta dube ta ido da ido. Da aka maimaita fitowar, ba ta ɗaga murya ba, ta dai riƙa matsawa tana neman idon ƙawar, ita kuma tana kawar da kai, har waɗanda ke hira a bayan ɗaki suka yi shiru.

27 ga Maris

Yau ce Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya, wadda Cibiyar Wasan Kwaikwayo ta Ƙasa da Ƙasa ta fara bikinta a 1962, kuma mun nuna kashi na farko a taron ɗalibai. Mun aro hanyar Augusto Boal na ƙasar Brazil, inda ake tsayar da wasa a gayyaci ɗan kallo ya hau dandamali ya gwada abin da shi zai yi a matsayin wanda aka zalunta. Mutum huɗu suka hau, kowa da hanyarsa.

Sai dai lasifika ta ɓata mana mintuna na farko da wata irin ƙara mai huda kunne. Dalilin shi ne an ajiye lasifikokin a bayan 'yan wasa, makirufo yana ɗaukar sautin da ke fita daga cikinsu yana mayarwa, sautin yana ta zagayawa yana ƙaruwa. Na sa aka kashe na'urar gaba ɗaya, yaran suka ci gaba da muryoyinsu, kuma malamin da ke zaune a layin ƙarshe ya tabbatar mini ya ji kowace kalma. A watan Yuni ba za mu yi amfani da makirufo ba.

24 ga Afrilu

An ƙulla yarjejeniya a rubuce tsakanin ƙungiyoyin biyu. Kamfanin zai ba da hannu 25 don shirya wasan, ya kuma ɗauki nauyin tikiti da talla. Bayan wasa zai karɓi abin da ya kashe da kashi ɗaya cikin biyar na ragowar. Tikiti huɗu a kan hannu ɗaya, wato sai an sayar da 100 kafin a mayar da kuɗin shiri. Na zauna a gefe suka yi cinikinsu, kuma sau biyu na kama bakina lokacin da na ga kamar za a watse.

15 ga Mayu

Saura mako huɗu, mai taka babbar rawa ta janye, saboda iyayenta sun ce ta mayar da hankali ga jarrabawar ƙarshe. Ban ga laifinsu ba. Tun a Fabrairu ya kamata in tanadi mataimaki ga kowace babbar rawa, in kuma duba jadawalin jarrabawa kafin a raba aiki, amma ban yi ba, na zo ina fafe gora ranar tafiya. Abin da ya cece mu shi ne kundin mai kula da dandamali, wata ɗaliba da ta rubuta a gefen kowane layi inda ɗan wasa yake tsayawa da lokacin da yake motsawa. Saboda ta ji wasan sau da yawa ta haddace shi, sai aka ba ta rawar, mataimakinta ya karɓi kundin. An ƙara gwaji zuwa sau uku a mako.

29 ga Mayu

Kuɗin shiri ya kai hannu 32, domin fenti da katako sun fi yadda aka ƙiyasta, kuma ba mu ware komai don ba-zata ba. Kamfanin ya amince da ƙarin 7 bayan ya ga rasit. Yanzu sai tikiti 128.

13 ga Yuni

An yi wasan sau biyu. Ɗakin yana da kujera 180, an sayar da tikiti 148 a rana ta farko, a ta biyu kuma ya cika. Kowane tikiti yana da lamba da rabin da ake yagewa a ƙofa, saboda haka lissafin ƙofa ya zo daidai da na akwati ba tare da saɓanin ko ɗaya ba. A rana ta farko canja kayan dandamali tsakanin kashi na biyu da na uku ya ɗauki kusan minti biyar, jama'a suka fara surutu, sai aka raba wa kowa abin da zai ɗauka, washegari ya koma ƙasa da minti biyu. A fitowar da ake ajiye makulli a tebur ɗakin ya yi shirun da ban taɓa ji a taron ɗalibai ba. Ma'ajiyarmu tana bakin ƙofa da akwatin tikiti a cinyarta, ta kalli fitowar daga nan har ta ƙare, sannan ta koma ƙirga.

4 ga Yuli

An rufe kamfanin. A shekarar an sayar da littafi 260, wanda ya bar hannu 52. Bayan cire 20 na kayan aiki, 4 na gyara, da 1 na bashin Disamba da ba a biya ba, ribar littattafai ta tsaya a 27. Tikiti 328 sun kawo hannu 82, aka cire 32, saura 50, kamfani ya ɗauki 10, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta riƙe 40. Daga jimillar riba 37, masu hannun jari sun zaɓi a mayar wa kowa uwar kuɗinsa tare da ƙarin rubu'i a kan kowane hannu, wato 20, a bar 17 da kayan aiki ga 'yan baɗi. Mai binciken kuɗi ya sa hannu a gaban kowa.

11 ga Yuli

Shirin baɗi kamar yadda shugabannin ƙungiyoyin suka rubuta da hannunsu: 'yan wasa za su fito gaban jama'a tun a zango na farko, ba za a ba ɗan ajin ƙarshe babbar rawa a zango na uku ba, kuma kowace rawa za ta sami mataimaki tun ranar rabo. Kamfanin zai ware kashi ɗaya cikin goma na kowane kasafi don ba-zata, ya kuma gwada littafi mai kauri biyu. Ƙungiyar wasa za ta sayi fitilu biyu da sabon labule daga cikin 40 ɗinta. An cika kwali tara da fararen fallaye a wannan mako, an ɗaure su an kai kabad tare da kundin lissafi da kundin dandamali, kuma an sa ranar zaman farko a mako na biyu bayan komawa hutu.